Akwatin Gem a Ajin Firamare: Kafin Mu Sa Hannu a Aljihu

Bismillahir Rahmanir Rahim.



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da amincinSa su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

'Yan'uwa, na yi kwanaki ina jinkirta wannan rubutu, don gudun kada a ce ga malamin Islamiyya nan ya sake ɗauko bulalarsa zai kori zamani daga gari. To amma ranar Asabar ɗin da ta wuce an kira mu taron iyaye da malamai a makarantar da 'yata take aji uku, wata firamare mai zaman kanta a nan kusa da Ƙofar Doka wadda ba zan kama sunanta ba, kuma abin da na gani a wurin ya sa na ji idan na yi shiru ban kyauta ba.

An tayar da janareta, abin da ban taɓa ganin an yi wa yara ba ko a tsakiyar zafin watan Afrilu, aka haska majigi a bangon aji shida. Wani matashi da ya zo daga Kaduna, mai fara'a da iya tsara zance, ya nuna mana hotunan 'ya'yan Turawa zaune a kan kafet, kowa da 'yar na'ura a hannu, suna ta murmushi. Ya ce wannan shi ne karatun zamani. Shawararsa ita ce makaranta ta ware ɗaki guda, a sa talabijin biyu da akwatunan PlayStation biyu da 'yan kwamfutocin hannu guda shida, kowane aji ya riƙa shiga sau biyu a mako yana koyon lissafi da Turanci ta hanyar gem, mu kuma iyaye a ƙara mana wani abu a kan kuɗin makaranta kowane zango. Akwai jimla ɗaya da ya maimaita har sau huɗu, na ƙirga: bincike ya tabbatar a Turai.

Nan take zaure ya rabu biyu. Wani dattijo ya miƙe ya ce wannan haramun ne, kayan lalata tarbiyya ne, ba da shi ba. Wani uba, sa'ana, ya ce da irin wannan tunani aka bar Arewa a baya, duniya ta yi nisa mu muna nan muna jayayya. Aka yi ta cacar baki, Hajiya mai makarantar tana ba kowa haƙuri. Ni dai tambaya ɗaya na yi: "Malam, wane bincike ne, a ina aka yi shi, kuma me ya gano?" Ya ce zai turo mana ta WhatsApp. Har yanzu ina jira. An ɗage yanke hukunci zuwa Asabar ta sama, shi ya sa na nemo binciken da kaina na karanta, na kuma ga ya dace in shimfiɗa abin da na fahimta a nan, musamman saboda ku matasa, waɗanda yau ko gobe ku ne za ku zauna a irin wannan taro a matsayin iyaye ko malamai.

Bari in fara da Baba dattijo, domin shi na fi jin nauyi, kuma hujjarsa ce ta fi saurin karyewa a gaban yaranmu. Kalmar haramun hukunci ne na Allah, ba ta halatta a ɗauke ta kamar sanda a kori duk abin da ido bai saba gani ba. Ƙa'idar da muka karanta ita ce asalin abubuwan al'ada halacci ne har sai dalili ya zo da hani. Ya tabbata a ingantattun hadisai cewa Nana A'isha (RA) ta yi wasa da 'yar tsana a gidan Manzon Allah (SAW), cewa ya yi tseren gudu da ita, kuma ya bar Habashawa suna wasa da masu a cikin masallaci tana kallo. Malamai sun hana wasan nardu saboda nassi ya zo a kansa, sannan suka yi saɓani a kan shaɗaranji: Imamu Malik ya tsananta, Shafi'awa suka sassauta da sharaɗin babu caca, babu alfasha, kuma bai shagaltar daga salla ba. Imamu Gazali a cikin Ihya'u ya yi wasiyya da a bar yaro ya huta da wasa idan ya taso daga makaranta, ya kuma yi gargaɗin cewa takura shi ga karatu dare da rana na iya sa ya tsani karatun. Saboda haka gem abu ne da ake auna shi da abin da ke cikinsa da abin da yake haifarwa. Idan muka yi masa kuɗin goro muka ce haramun, yaron da yake ganin yayansa, har da wasu malamansa, suna buga ƙwallo a waya bayan Isha'i, darasi ɗaya zai ɗauka: haramun ɗin malamai ba ta da tsada. Ranar da muka gaya masa haramun ta gaskiya, sai ya auna ta da wancan ma'auni.

Kuma ba daga nesa nake magana ba. Ina aji biyar na firamare na san wani shago a Tudun Wada inda ake buga Sega, daga baya aka kawo PlayStation da wasan ƙwallon Winning Eleven. Kuɗin tarata can suke ƙarewa, Islamiyyar yamma kuwa na sha yi mata fashi, har ranar da yayana ya kamo ni da kunne ya tasa ni gaba tun daga shagon har zauren gidanmu. Na san daɗin abin, na san kuma ƙarfinsa. Wanda bai taɓa riƙe fad a hannunsa ba shi ne zai raina shi.

Yanzu ga binciken. Ina kyautata zaton wanda matashin nan yake nufi, ko ya sani ko ji ya yi, shi ne na ƙasar Sikotlan, domin shi ne ya fi shahara a kan sa na'urar gem a ajin firamare. A birnin Dundee an taɓa yin wata cibiya mai suna Consolarium a ƙarƙashin hukumar Learning and Teaching Scotland, wani tsohon malamin firamare mai suna Derek Robertson yake jagorantarta. A shekarar 2008, shi da David Miller na Jami'ar Dundee suka gwada na'urar hannu ta Nintendo DS da wasan Dr Kawashima's Brain Training a makarantu 32, da yara 634 masu shekara 10 zuwa 11. Wani rukuni na buga wasan minti 20 kowace rana har mako tara, ɗaya rukunin na ci gaba da karatunsa yadda ya saba. Da aka yi jarrabawar lissafin ka, dukkan rukunan biyu sun ƙaru, amma ƙaruwar masu na'ura wajen dacewa da amsa ta fi ta sauran da kamar rabi, wajen sauri kuma ta ninka. Yaran da suke baya a aji su suka fi amfana. Wannan gaskiya ne, ban ɓoye komai ba, kuma sakamako ne mai kyau.

Sai dai a duba abin da ke ciki da kyau. Kowane yaro da na'urarsa a hannu. Malami yana tsaye a kansu. Lokacin a ƙayyade yake, minti 20, a rufe a ajiye. Wasan kansa ba ƙwallo ba ne ba kuma tseren mota ba, tambayoyin tarawa da ɗebewa da ninkawa ne suke fitowa ɗaya bayan ɗaya, yaro yana rubuta amsa, agogo na ƙirga masa daƙiƙa. Yaran sun riga sun iya karatu da rubutu a harshen da wasan ke magana da shi, don harshen gidansu ne. Babban abin da aka auna kuma shi ne saurin lissafi da dacewarsa, bayan mako tara. Wato abin da aka tabbatar shi ne yaron da ya yi atisayen lissafi na minti 20 kullum zai ƙara hannu a lissafi. Wannan kuwa duk Malamar da ta taɓa sa yara bitar jadawalin sau da safe ta san shi tun kafin a ƙera na'urar. Shi ya sa da Alain Lieury na Jami'ar Rennes a Faransa ya kwatanta yara 'yan shekara 10 masu buga irin wannan wasa da masu yin atisaye da fensir da takarda, a sakamakon da ya fitar a 2009, bai ga masu na'ura sun fi masu fensir a lissafi ba. A 2010 kuma mujallar Nature ta buga binciken Adrian Owen da abokan aikinsa a kan manya 11,430 da suka yi mako shida suna irin waɗannan wasanni na wasa ƙwaƙwalwa: sun ƙware a wasan da suka buga, amma ƙwarewar ba ta tsallaka zuwa wasu ayyukan tunani ba. Ka buga gem, ka iya gem ɗin.

To mu dawo gida mu yi namu lissafin, tunda lissafi ake son koya wa yara. Ajin su 'yata yara 50 ne. Akwati biyu, kowane da fad biyu, yara huɗu ke nan. Kwamfutar hannu shida, sun zama goma a lokaci guda. Darasi minti 35 ne. Idan aka raba yara 50 gida biyar, kowane rukuni zai sami minti bakwai, in har ba a ɓata ko daƙiƙa ɗaya wajen shiga da fita da rabon faɗa ba, in kuma akwai wuta, in kuma akwai man janareta. Sau biyu a mako, minti 14. Yaron Dundee minti 100 yake samu a mako, da na'urarsa shi kaɗai. Sauran yara 40 da ke jiran layi me suke yi? Kallo. Wannan shi ake so mu biya wa kuɗi kowane zango da sunan bincike ya tabbatar.

Kuma ba yau aka fara kawo mana na'ura a ce ita ce maganin jahilci ba. A 2005 Nicholas Negroponte na Amurka ya shelanta shirin One Laptop per Child, kwamfuta mai araha ga kowane yaro a ƙasashe matalauta, kuma Najeriya na cikin ƙasashen farko da aka ambata za su sayi miliyan guda. A 2007 aka raba 'yan kwamfutocin nan masu launin kore da fari a firamaren L.E.A. ta Galadima da ke gefen Abuja, 'yan jarida suka yi ta zuwa ɗaukar hoto. Cikin shekarar nan labari ya fita a duniya cewa an sami hotunan batsa a kwamfutocin wasu yaran, don an haɗa su da intanet ba tare da matattara ba. Ministan ilimi na lokacin, Igwe Aja-Nwachukwu, ya fito ya tambayi hikimar raba kwamfuta ga yaran da ba su da ko bencin zama. Miliyan ɗin nan ba a saya ba. Ƙasar da ta saya da gaske ita ce Peru, wadda ta raba sama da dubu 800. Da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya auna makarantun karkara 319, a rahotonsa na 2012, bayan wata 15 yara na riƙe da kwamfutocin, bai sami wani ƙari a sakamakon lissafi ko na harshe ba. Yaran sun iya sarrafa kwamfuta, an ga ɗan ci gaba a wani gwajin kaifin tunani, amma karatu da lissafi suna nan inda aka bar su. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Adalci ya sa in kawo inda abin ya yi aiki, don kada a ce na tsinci abin da ya yi mini daɗi na bar saura. A Tanzaniya, a gasar Global Learning XPRIZE da aka kammala a 2019, an ba yara kimanin 2,700 na ƙauyukan yankin Tanga kwamfutar hannu mai wasannin koyon karatu har wata 15, yawancinsu ba su zuwa makaranta, kuma da dama sun fara gane haruffa da karanta kalmomi. Manhajojin Kitkit School da onebillion ne suka raba kyautar. Amma da wane harshe wasannin ke magana? Da Swahili, harshen da yaran ke ji. An gina su ne daga harafi zuwa gaɓa zuwa kalma, mataki-mataki, kowane yaro da na'urarsa, an kuma kafa wuraren caji masu sola a ƙauyukan. Ina so wani ya nuna mini faifan PlayStation ɗaya da zai ce wa 'yar aji ɗaya a birnin Zazzau "ba, bi, bu" da Hausa. Idan babu, to misalin Tanzaniya hujja ce a kan matashin nan, ba hujjarsa ba ce.

Yanzu na zo kan abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, kuma a nan da kaina nake da 'yan'uwana malamai. Me ya sa yaron da ba ya iya zama minti goma a gaban hadda yake iya yin awa uku a shagon gem, ba ci ba sha, ba wanda ya riƙe masa bulala? Mun saba cewa Shaiɗan ne. Na yarda Shaiɗan na da rabonsa, amma ku zo mu buɗe cikin akwatin mu ga yadda aka ƙera shi. Gem yana fara wa yaro daga daidai inda ƙarfinsa yake. Idan ya yi kuskure, nan take zai gani, ba sai ƙarshen zango ba. Idan ya faɗi, ba wanda zai yi masa dariya ko ya kira shi daƙiƙi, sai dai ya sake gwadawa, sau goma, sau hamsin. Ba ya wucewa mataki na gaba sai ya ci wanda yake kai. Kuma kullum ya san inda yake da inda ya nufa.

Ya ɗan'uwa mai karatu, wannan siffa ba ta tuna maka da komai ba? Ni dai makarantar allo ta tuna mini. A zauren malaminmu yara talatin ne, amma allo talatin ne, kowa da inda yake. Wani yana babbaƙu, wani yana farfaru, wani ya kai izu biyar. Kana biyawa malam yana gyara maka a take, harafi da harafi. Ba a yi maka ƙari sai ka iya na jiya, ba ka wanke allo sai malam ya gamsu. In ka kai wani matsayi a yi sadaka a gida, yara su ci, kowa ya san wane ya ci gaba. Akwai kolo, akwai titibiri, akwai gardi, har zuwa alaramma da gwani, ga kuma allon zayyana na jiran ranar sauka. Duk abin da masu ƙera gem suka kashe miliyoyin daloli suka gano game da yadda ake riƙe hankalin yaro, kakanninmu a Unguwar Juma da Limancin Kona suna aiki da shi da tawada da alƙalamin kara. Ban ce tsarin ba shi da aibi ba. Bulala ta yi yawa a cikinsa, kuma tun a ƙarni na 14 Ibn Khaldun ya keɓe fasali a Muƙaddimarsa a kan yadda tsanantawa ke cutar da ɗalibi, ta koya masa ƙarya da kasala. Amma ƙashin bayan tsarin, wato kowane yaro a matakinsa da gyara nan take, lafiyayye ne.

Mu ne muka jefar da shi. Boko ta zo da aji da zango da manhajar da dole a gama ta ko yara sun gane ko ba su gane ba, mu kuma a Islamiyya muka kwaikwaya, har muka fi mai kora shafawa. Yau a ajina yara sittin ne da 'yan kai, ina faɗa suna amsawa da murya ɗaya, rufin kwano na amsa kuwwa, mai wucewa ya ce kai, makarantar nan ana karatu. Alhali na san a cikin amon nan akwai waɗanda bakinsu kawai ke motsi. Yaron da ya ɓace a mako na biyu haka zai yi ta bin ayari har a yaye shi. Da ya fita ya shiga shagon gem, sai ya tarar da wani abu da ya lura da shi shi kaɗai, ya san inda ya tsaya jiya. Ina laifin yaro in ya fi son can?

Saboda haka abin da ajinmu ya rasa shi ne malamin da ke da lokaci da ƙwarewar da zai san inda kowane yaro ya tsaya. A nan jihar Kaduna ba mu manta 2017 ba, lokacin da gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare kimanin dubu 33 jarrabawa, ta ce 21,780 sun kasa samun maki 75 cikin 100 a tambayoyin 'yan aji huɗu, ta sallame su. Ƙungiyar malamai ta yi jayayya da yadda aka yi jarrabawar, har aka yi yajin aiki, kuma kowa da ra'ayinsa a kan korar. Amma ba wanda ya musa cewa matsalar tana wajen wanda ke tsaye a gaban allo. Makarantu masu zaman kansu kuwa ba wanda ya yi wa malamansu jarrabawa, ba kuma wanda ke tambayar nawa ake biyansu. Tun 2024 mafi ƙarancin albashi a dokar ƙasa naira dubu 70 ne. Malamar su 'yata, mai takardar NCE, wadda ke hawa Keke Napep biyu kafin ta iso, ba ta samun rabin haka. Ita ce ta huɗu da ta riƙe ajin cikin shekara biyu, don duk wadda ta sami abin da ya fi sai ta tafi, kuma ban ga laifinsu ba. A irin wannan makaranta ne ake son mu tara kuɗi mu sayi PlayStation. An bar jaki ana dukan taiki.

Ga kuma littafi. Wannan gari namu shi ne gidan ɗab'in Hausa. A Zariya aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, a nan Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce, a nan Kamfanin Gaskiya yake, a nan aka kafa NNPC mai buga littattafai a 1966. Amma a ajin su 'yata babu littafin labari na Hausa ko ɗaya, yaron da ya yi Hausa ma tara ake cinsa. Shirye-shiryen da aka gwada a Arewa don koya wa yara karatu, irin su Mu Karanta a Sakkwato da Bauchi, da RANA a Katsina da Zamfara, duk a kan abu uku suka tsaya: littafi a hannun yaro da harshensa, jagoran darasi a hannun malami, da mai zagayawa yana duba malamin. Ba su da ƙyalƙyali, ba za a haska su a majigi iyaye su yi tafi ba. Ƙasar Suwidin ma, wadda ta yi nisa wajen cika azuzuwa da na'urori, a 2023 ministar makarantunta Lotta Edholm ta juya akala zuwa littafin takarda, gwamnati ta ware kuɗi don sayensa. Su da suke da wuta dare da rana ke nan.

Akwai wani bambanci tsakanin allo da gem da bai kamata in tsallake ba, kuma a nan tsoron Baba dattijo yake da tushe. Allo yana da ƙarshe, burin malam shi ne ka sauke ka tafi. Gem na kasuwa kuwa an gina shi ne don kada ka tashi, domin zamanka shi ne ribar mai shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2019 da sa jarabar gem cikin kundin cututtukanta, ya fara aiki a 2022. A 2021 ƙasar Sin ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 gem na intanet zuwa awa uku a mako. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke cewa akwatunan sa'a da ake saya da kuɗi a cikin wasu wasanni caca ne. Mu ba sai mun je Beljiyam ba. A shagunan unguwanninmu dokar da yara ke bi ita ce wanda aka ci shi zai biya, kuma duk ɗalibin fiƙihu ya san sunan wasan da wanda ya faɗi yake biya. Sau da yawa shagon caca na ƙwallo yana nan kusa, mataki kaɗan. Yanzu ka ɗauka makaranta da kanta ta kafa akwatin nan ta sa masa suna darasi. Uwar da ke fama da ɗanta ya bar shagon gem ya tafi Islamiyya, da wane baki za ta yi masa magana ranar da ya ce mata, "Umma, ai Malama ta ce karatu ne"? Yaro ɗan shekara takwas ba zai bambance faifan lissafi da faifan ƙwallo ba, akwatin ɗaya ne, fad ɗin ɗaya ne. Kuma wa zai ba ni tabbacin abin da za a sa a akwatin bayan an tashi, ko ranar da mai kula da ɗakin ya gaji?

Ba na zargin Hajiya da mugun nufi. Na san halin da masu makarantu ke ciki: kowane lungu da tasa, iyaye kuma allon ƙofa suke karantawa, wanda ya rubuta kalmomin Turanci masu ƙyalli shi ke samun yara. Mun ga ɗakunan kwamfuta da aka buɗe da addu'a da lemo, yau suna kulle, ƙurar hunturu ta rufe su, ba a buɗewa sai sabon uba ya zo duba makaranta. Laifin namu ne mu iyaye, da muke tambayar ko akwai kwamfuta, ba ma tambayar ko ɗanmu zai iya karanta mana wasiƙa. A 2022 Bankin Duniya da UNICEF da UNESCO da abokan aikinsu sun ƙiyasta cewa a Afirka kudu da Sahara kusan yara tara cikin goma masu shekara 10 ba sa iya karanta gajeren labari su fahimce shi. Kowannenmu yana zaton ɗansa shi ne na goman.

Ga abin da zan gabatar ranar Asabar, in Allah Ya kai mu. A ɗauko yara goma daga aji uku ta hanyar ƙuri'a, a gabanmu, a ba kowane layi biyar na Hausa da layi biyar na Turanci ya karanta, a ba shi ɗebewa mai aro guda uku. Mu gani da idonmu. Idan sakamakon ya zo yadda nake tsoro, to kuɗin da aka ce mu ƙara na yarda mu ƙara, amma a raba shi biyu, kashi ɗaya a kan albashin malaman aji ɗaya zuwa uku, kashi ɗaya a sayi littattafan karatu na Hausa da na Turanci da yaro zai tafi da su gida, kwamitin iyaye ya riƙa ganin rasit. Idan kuma zaure ya nace sai na'ura, to a yi yadda mutanen Dundee suka yi, tunda da su aka kafa mana hujja: aji uku A da na'ura, aji uku B da fensir da takarda na minti 20 kowace safiya, a yi musu jarrabawa ɗaya kafin a fara da bayan zango guda, matashinmu na Kaduna kuma a biya shi bayan an ga sakamako. In ya yarda da bincikensa, ba abin da zai ji tsoro.

Kafin in nemi a gwada yaran wani, na gwada nawa. Ranar Lahadi da yamma na hana amshi, na kira 'yan ajina ɗaya bayan ɗaya, na buɗe wa kowa shafin da ba mu taɓa biyawa ba. Cikin 63, goma sha tara ne suka karanta ba tare da na ɗora su ba. Akwai yarinyar da ta haddace izu biyu da ka, muryarta ta fi ta kowa a amshi, amma ta kasa bambance ba'un da ta'un. Shekara biyu tana gabana. Na kasa barci a daren. Tun ranar Litinin na raba ajin gida uku, na roƙi manyan ɗalibai biyu daga ajin sama su riƙe mini rukuni biyu, na kuma aika kasuwa a sayo mana alluna ashirin na katako, waɗanda muka daina amfani da su shekarun baya don kada a ce makarantarmu ta gargajiya ce.

Taron ƙarfe goma ne na safe. Duk wanda ɗansa ko ƙaninsa ke makarantar ya san wadda nake nufi, ya daure ya zo, ya kuma zo da fensir.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.